Na Ɓoye wa Likita Tabar da Nake Sha, Ƙashina Ya Tona Ni

Ni kafinta ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina haɗa gadaje da kujeru da sif na amare a Kano, kuma kusan duk shekarun nan da karan sigari a bakina na yi su. Ina ɗan shekara 17 na fara, a shagon da na koyi aiki. Maigidanmu yakan aike ni wurin mai tebur in sayo masa kara biyu, in ya sha rabi aka kira shi, sai ya ajiye guntun a gefen benci. Da guntayen nan na koya. Kafin in yi aure na kai kwali guda a rana, kara 20, ranar da aiki ya matse kuwa har na biyu nake buɗewa.

A ƙarshen 2019, cikin sanyi, ana gab da wani biki da muka karɓi aikinsa, muna tsaga katako a inji. Wani guntun maɗaci ya ƙwace daga bakin zarto, ya dawo da ƙarfi ya same ni a baki. Haƙora biyu na gaba, na sama, su suka tafi. Ɗaya a take ya faɗo cikin garin katako, ɗayan ya karye a cikin dasashi, sai a asibiti aka ciro saura. Wanda ya cire min ya ce dama haƙoran sun fara girgiɗi tun kafin katakon, domin ƙashin da ke riƙe da su ya zaizaye. Ya ce kada in sha taba na 'yan kwanaki, saboda gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfin ciwon, zuƙa kuma tana iya fizge shi. A daren ranar na sha. Kwana uku bayan haka wani raɗaɗi ya taso min daga ramin har cikin kai, na kwana a zaune. Wannan shi ne gargaɗi na farko, ban kuwa ɗauke shi gargaɗi ba.

Aka yi min haƙorin roba, irin wanda ake sawa a cire. Shekara ɗaya da rabi na yi da shi. Wanda bai taɓa sa shi ba ba zai san takurarsa ba. Ba ka gatsar nama, ba ka gatsar goro, in kana ciniki da mai saye rabin hankalinka yana kan kada ya zame. Na koma magana da hannu a baki. Na daina dariya a majalisa. A masallacin unguwa, in liman bai zo ba, ni ake turawa gaba, sai na fara ja da baya saboda harafin sin da fa ba sa fita yadda na saba.

Wani da na yi wa kujerun ofis ne ya ba ni labarin dashen haƙori. Ya buɗe baki ya nuna min nasa, na duba na kasa bambance shi da sauran. Na je wurin likitan a 2021. Da na ji kuɗin sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Na sayar da babur ɗina, bai isa ba. Uwargidana ta ɗauko kuɗin adashinta, wanda take tarawa don kayan kicin na babbar 'yarmu, ta ajiye a gabana. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Malam, ranar ɗaurin auren nan kai za ka tsaya gaban mutane. Karɓi, Allah zai kawo wani."

Likitan mutum ne mai natsuwa, ba ya gaggawa. Ya ɗauki hoton muƙamuƙina, ya auna kaurin ƙashin, ya nuna min abin da za a dasa: 'yar ƙusa mai zare, irin wadda muke ɗaurewa da sukundireba, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, an yi ta da wani ƙarfe da ake kira titaniyam. Za a huda ƙashi a murɗa ta ciki, a ɗinke dasashi a kanta, a bar ta wata uku zuwa shida, sannan a ɗora haƙorin a kai. Na ce masa, "Likita, ai wannan aikinmu ne." Ya yi murmushi, ya ce akwai bambanci, amma a lokacin ban tsaya na tambayi bambancin ba.

Sai ya shiga tambayoyi. Ciwon suga? Babu. Hawan jini? Babu. "Kana shan taba?" Na ce, "Jefi-jefi, kara biyu ko uku a rana." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yatsuna biyu da hayaƙi ya rina, bai ƙaryata ni ba. Ya ce, "Malam, ko kara ɗaya ne, ina so ka ajiye ta mako guda kafin aiki, da aƙalla mako takwas bayan aiki. In ba za ka iya ba, ka faɗa min yanzu mu ɗaga, babu laifi." Na ce zan iya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa a ranar wankan na ɓoye. Kunya ce ta sa, da tsoron kada ya ce ba zai yi min ba.

Makon da ya ce in ajiye, na rage ne kawai. Da safen ranar aikin ma sai da na sha ɗaya a bayan shago, na tauna kanumfari don ya kashe warin. Aikin bai kai awa biyu ba, da allurar kashe zafi, ban ji komai ba sai ƙarar injin huda. Na dawo gida da ɗinki a baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ruwan kurkure baki. Kwana uku na daure. A na huɗu, bayan la'asar, wani yaron shago ya lalata min ƙofar sif da muka kwana biyu a kanta, raina ya ɓaci, ban san lokacin da na isa wurin mai tebur ba. Na ce wa kaina zan zuƙa ta gefen baki, hayaƙin ba zai taɓa wurin ɗinkin ba. Cikin mako biyu na koma kwalina guda. Duk ranar da zan koma asibiti sai in wanke baki sosai, in sauya riga, in ya tambaya in ce, "Alhamdu lillahi, ana ƙoƙari."

Wajen mako na bakwai na fara jin wani ɗanɗano marar daɗi a bakina da asuba. Dasashin wurin ya yi jawur ya ɗan kumbura, in na danna da yatsa sai wani ruwa ya fito. Ba ya ciwo sosai, shi ya sa na ƙara mako guda ban je ba. Uwargida ce ta ce, "Malam, bakinka ya sauya wari, ba na taba ba ne wannan."

Ba zan manta da zaman nan a kujerar likita ba. Ya buɗe wurin, ya sa ɗan ƙarfensa ya taɓa ƙusar hagu, na ji ta motsa a cikin kaina. Ta juya a hannunsa ba tare da ya sa ƙarfi ba, kamar ƙusar da aka kafa a katakon da gara ta cinye. Ya ciro ta ya ajiye a faranti, na ji ƙararta. Ta dama ba ta motsa ba, amma hoto ya nuna duhu a kewayenta, ƙashin ya janye daga wuyanta. Ya yi wata biyu yana wankewa yana ba ni magani ko za ta tsira, daga baya ita ma ya cire.

Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Malam, kara nawa?" Na ce, "Kwali guda." Ya ce, "Tun yaushe ka koma?" Na ce, "Kwana huɗu da aiki." Ya gyaɗa kai, sannan ya ce bari ya gaya min bambancin da ya ambata ranar farko.

Ya ce a wurinku ƙusa ce take kama katako, katako matacce ne, ba ruwansa. A nan kuwa ƙashi ne yake kama ƙusa. Zaren da ke jikinta na riƙon makonnin farko ne kawai. Abin da ake jira shi ne ƙashi mai rai ya tsiro ya manne da jikin ƙarfen, har su zama abu ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya lura da haka a shekarun 1950, yana bincike a ƙashin zomaye: ya zo cire wani ɗan bututun titaniyam da ya sa, ya tarar ƙashi ya riƙe shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko. Duk sana'ar dashen haƙori a kan wannan mannewar ta tsaya. Ƙashi kuma ba ya tsirowa sai da jini, domin jini ne ke kai masa iskar oksijin da abinci da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta.

To ga abin da na riƙa yi wa wurin sau 20 a rana. Nikotin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, jinin da ke isa dasashi da ƙashi ya ragu. Hayaƙin kuma yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar nan da ke fita daga janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda in aka kwana da inji a cikin gida. Iskar nan tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, sai ta tare masa wuri. Ɗan jinin da ya samu ya isa wurin, ya isa ne da guzuri kaɗan. Fararen ƙwayoyin jini da ke cinye ƙwayoyin cuta su ma hayaƙi yana raunana su. Baki yana bushewa, yawun da ke wanke shi ya ragu. Zuƙar da na ce ina yi ta gefen baki ba ta tsinana komai ba, domin ta huhu gubar take shiga jini, jini kuma ya kai ta har inda ƙusar take. Ya ƙara da cewa muƙamuƙin sama, inda aka yi min, ƙashinsa ya fi na ƙasa taushi, a nan ne ɓarnar taba ta fi bayyana.

Daga baya 'yata ta biyu, wadda ke karatun jinya, ta nemo min wani bincike da likitan ya ambata, ta karanta min a waya. Wasu likitoci biyu, Bain da Moy, sun wallafa shi a 1993. Sun bi mutum 540 da aka dasa wa ƙusoshi 2,194. A cikin marasa shan taba, kusan 5 cikin 100 na ƙusoshin ne suka lalace. A cikin masu sha, sun haura 11 cikin 100. Ninki biyu da ɗoriya ke nan. Wani zai ce ai har yanzu mafi yawan na masu shan ma sun kama. Gaskiya ne, na kuma san mai shan da nasa ya kama. Sai dai wanda ya shiga da kwali guda a rana, da dasashi mai ciwo, a muƙamuƙin sama, ya kuma koma zuƙa tun ɗinki bai warke ba, shi ya tara wa kansa dukkan abin da ke jefa mutum cikin goma sha ɗayan nan. Kuma kamawar farko ba ita ce ƙarshen magana ba. Ko bayan shekaru, mai shan taba ya fi saurin samun ciwon da ke cin ƙashin da ke kewaye da dashen, a hankali, har ya kai ga girgiɗi.

Abin da ya fi min nauyi shi ne komawa gida. Na tarar da uwargida tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata komai, har ƙaryar da na yi wa likita. Ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da ke cikin rariyar. Ta ce, "Na sani, Malam. Ni nake wanke rigunanka." Ba ta taɓa ambatar kuɗin adashin ba, daga ranar har yau. Aka ɗaura auren 'yarmu da haƙorin roba a bakina, kayan kicin kuma sai da ƙannena suka taimaka.

Likita ya ce za a iya sake gwadawa, amma yanzu aikin ya ƙaru. Ƙashin wurin ya lotsa, sai an yi masa ciko an jira ya warke kafin a sake dasa komai, cikon ƙashi kuwa ya fi dashen kansa buƙatar jini. Ya ce, "Wannan karon ba zan taɓa bakinka ba sai ka bar ta gaba ɗaya, ba hutu ba." Na tambaye shi ko zan iya komawa shisha, ko garin taba na leɓe. Ya ce shisha garwashi ake ɗora mata, kabon monoksaid ɗinta ba kaɗan ba ne, garin taba kuma a kan dasashin kansa yake zama.

Na yi watanni ina ɗagawa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuwa turkena shekara talatin aka yi ana kafa shi. Azumin 2022 ne ya zame min ƙofa, wanda ya faɗo a watan Afrilu, cikin tsananin zafi. Shekara da shekaru ina wuni ban sha ba tun daga asuba har magariba, amma da an kira salla, dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai ashana. A daren farko na azumin nan 'yata ta zauna kusa da ni da kofin kunu, ta ce, "Baba, awa goma sha uku ka yi. Ƙara ɗaya mu je isha'i." Muka je. Bayan tarawihi ta ce in ƙara zuwa sahur. Haka muka riƙa yi, ba da kwana muke lissafi ba, daga salla zuwa salla.

Makon farko ya yi tsanani. Kaina ya riƙa sarawa, barci ya ƙaurace min, ina faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na lura sha'awar tana zuwa ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintuna ta wuce, in dai ban tashi na bi ta ba. Na sa aswaki a aljihun da kwali yake zama, hannu in ya tafi can shi yake tararwa. Na bar zama a teburin mai shayin da na saba, domin a can kowa da karansa. Goro ma na ajiye shi, saboda a bakina shi da taba tare suke tafiya. Sau ɗaya na faɗi, bayan salla da mako biyu, a wurin zaman makoki, wani ya miƙo min na karɓa. Na sha rabi na yar, na dawo gida na faɗa da bakina, washegari na kira likita na gaya masa. Ya ce, "Da ka faɗa ɗin nan ya fi min komai. Mu ci gaba."

Wani abu ya faru da ya tsorata ni. Bayan 'yan makonni da dainawa, in na goge baki sai in ga jini a buroshi, abin da ban taɓa gani ba ina shan taba. Na garzaya asibiti ina zaton wani ciwon ne sabo. Likita ya ce ciwon tsoho ne, yanzu ne ya samu bakin magana. Dasashi mai ciwo jini yake yi, da haka yake sanar da mai shi. Nikotin da ya tsuke jijiyoyin shi ya hana nawa zubar da jini duk shekarun nan, ina ganin bakina lafiya lau alhali ƙashi yana zaizayewa a ƙasa. Wannan magana ta daɗe tana yi min yawo a kai. Da katakon nan bai same ni ba, da haƙoran za su zube da kansu ɗaya bayan ɗaya, ban san dalili ba. Aka kankare min dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, zama uku, aka koya min goge tsakanin haƙora, jinin ya tsaya.

Sai da na cika wata shida ban sha ba aka yi cikon ƙashin. Aka jira wata shida. A 2023 aka sake dasa ƙusa biyu, kuɗin kuma a hankali na biya, wani ɓangare daga abin da da can yake tafiya wurin mai tebur. Wannan karon na ga bambanci da idona. Ɗinkin ya haɗe da wuri, dasashin ya yi kyau, babu kumburi, babu wari. Ranar da likita ya buɗe ya gwada, ya ƙwanƙwasa ƙusar da ƙarfensa, na ji wata ƙara mai tauri ta ratsa kaina, irin ƙarar da guduma ke yi in ta sami busasshen katako mai kyau. Ya ce, "Ka ji? Ya kama." Hawaye suka zubo min a kujerar, ban ɓoye su ba.

Yanzu duk wata shida nake komawa a duba, a wanke, wani lokaci a ɗauki hoto a ga ko ƙashin yana nan inda yake. An hana ni fasa ƙashi da gatsar rake da su, ina kiyayewa. Na koma limanci in liman ya yi tafiya. Ƙusar farko da ta fita, na roƙi likita ya wanke ya ba ni. Tana cikin durowar bencina, a ƙunshe a takarda.

Akwai dokar taba da aka sa wa hannu a Najeriya a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. A bakin layinmu har gobe kara-kara ake sayarwa, kuma ni da kaina na yi shekaru ina aiken yaran shagona su sayo min, kamar yadda aka aike ni. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya zo hannuna yana ɗan shekara 14, yanzu magidanci ne, shi ke riƙe min inji. Kwanakin baya na zagaya bayan shago na same shi yana busawa. Ya yi sauri ya taka ta da ƙafa. Na kira shi ciki, na buɗe durowa na ɗora masa ƙusar a tafin hannu, na ba shi labarin nan tun daga guntayen maigidanmu. Na ce ya yafe min aiken da na riƙa yi masa. Ya ce, "Haba Maigida, wallahi ba laifinka ba ne." Na ce da nawa a ciki.

Bai daina ba tukuna. Ya ce ya rage zuwa kara biyar, na ce ya faɗa min adadin gaskiya ko nawa ne, ya yi shiru, sannan ya ce tara. Na tambaye shi ko dasashinsa yana jini in ya goge baki, ya ce ko kaɗan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu rufe shago da wuri, zan kai shi a duba masa.